Nazarin Lamari: Tsofaffin Sulallan Gado a Sakkwato da Batun Tura Su Waje a Tantance

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne mai shekara hamsin da 'yan kai, mazaunin tsohon birnin Sakkwato, kuma shi ne babba a cikin 'ya'ya tara, maza huɗu da mata biyar, waɗanda mahaifinsu ya bari tare da matan aure biyu lokacin da Allah Ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 2023. Marigayin ya yi fataucin fata da goro tsakanin Sakkwato da Illela da Birnin Ƙonni, ya kuma sauke farali tun a ƙarshen shekarun 1950 ta hanyar ƙasa, inda ya ratsa Cadi da Sudan kafin ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda.

Da aka zo ƙididdigar dukiya domin rabon gado, sai aka tarar da zabira biyu na fata a ƙasan adakarsa, cike da tsofaffin sulalla guda 126. Akwai liyari 31, wato manyan kwandalolin azurfa na Ostiriya masu ɗauke da shekarar 1780, da kwandalolin azurfa na Faransa masu faran biyar guda 14, da riyal na azurfa na Saudiyya 22, da fam ɗin zinare na Ingila guda 9, da dalar Amurka ta ƙarfe guda 2. Sauran 48 kuwa kwabbai ne da aninai da sulalla na zamanin Turawa, irin waɗanda aka yi amfani da su a nan kafin Nijeriya ta fitar da nata kuɗin a 1959. Gidaje da gonaki ba su ba da wahala ba, domin akwai masu yi musu kima a gari. Sulallan ne suka tsayar da rabo, saboda babu wanda ya san ko ƙarfen da ke jikinsu kaɗai za a auna, ko kuwa suna da wata daraja ta daban a wajen masu tara kayan tarihi.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: goge azurfar

Azurfar da ta daɗe a cikin jemammiyar fata takan yi baƙi, kuma haka aka same ta. Matan gidan, da kyakkyawar niyya, suka ɗauki kusan rabin kwandalolin azurfar suka dirje su da toka da ruwan lemun tsami, kamar yadda ake yi wa awarwaro da mundaye, har suka yi fari fat. Babu wanda ya hana su, domin kowa ya ɗauka gyara ake yi.

Wannan ita ce ɓarna ta farko, kuma ba ta gyaruwa. Kwandalar da aka buga a injin tana fitowa da wani sheƙi da ke zaune a fatar ƙarfen, kuma dirza takan kankare wannan fata ta bar siraran layuka da ake gani da madubin ƙara girma. Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son kwandala da baƙinta na shekaru a kan wadda aka goge, har sukan rage farashin gogaggiya sosai. Zinaren ya tsira ne kawai don ba ya yin baƙi, saboda haka babu wanda ya ga dalilin taɓa shi.

Fabrairu 2024: kimar kasuwar gida

Babban ɗan ya kai samfuri wajen masu sayen zinare a babbar kasuwa da kuma wani maƙerin farfaru da ya daɗe yana yi wa gidan aiki. Dukkansu hanya ɗaya suka bi: a ɗora a sikeli, a goga a dutsen gwaji, a ɗiga ruwan gwaji, a yi lissafi da farashin giram na ranar. Shekarar da ke jikin kwandala da sunan sarkin da ke kanta ba su shiga lissafinsu ba.

Lissafin kuwa a fili yake. Fam ɗin zinare na Ingila yana da nauyin giram 7.98 na zinare mai karat 22, wato tsantsar zinaren da ke ciki giram 7.32 ne. A wannan wata ozar zinare, wato kusan giram 31, ta ɗan haura dalar Amurka 2,000 a kasuwar duniya, dala kuma ta haura naira 1,500, don haka kowane ɗaya ya kai kusan naira dubu 700. Liyari yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗigo, tsantsar azurfarsa kuma giram 23.4 ce, wadda a lokacin ba ta kai dala 20 ba. An rubuta wannan kima a takarda aka kawo wa magada, kuma da an amince da ita da rabo ya ƙare a nan.

Maris zuwa Afrilu 2024: maganar kwanson roba

Wani ƙanen babban ɗan, wanda suke uba ɗaya, ya ƙi sa hannu. Ya ga hotuna da bidiyo a intanet na tsofaffin kuɗi da aka rufe a cikin kwanson roba mai haske, ɗauke da lamba da maki, ana sayar da su dubban daloli a gwanjo, sai ya ce a gaban kowa: "Yaya, waɗannan kuɗi an buga su tun 1780, ba za a sayar da su da farashin awarwaro ba. A tura su a tantance duka." Ya kuma nuna wani fam na zinare mai shekarar 1917, ya ce ya karanta cewa wannan shekara tana da tsada ƙwarai. Daga nan maganar ta fara ɗaukar launin 'yan'ubanci, domin babban ɗan ya riga ya nuna sha'awar a sa masa zinaren a kasonsa bisa farashin nauyi.

Abin da ƙanen ya gani gaskiya ne. Akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, mafi shahara su ne PCGS da aka kafa a Amurka a 1986 da NGC da aka kafa a 1987. Ƙwararrunsu sukan duba kwandala su tabbatar ko ta gaske ce, sannan su ba ta maki daga 1 zuwa 70 bisa ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, inda 60 zuwa 70 ke nufin kwandalar da ba ta yi yawo a hannun jama'a ba. Daga nan sai su like ta a kwanson roba da lambar shaida da kowa zai iya bincika a shafinsu. Wadda aka goge, ko aka huda, ko aka liƙa wa marataya, ba a ba ta maki na lamba; ana rubuta aibinta ne a jikin kwanson. Wadda ta zama jabu kuma ana mayar da ita ba tare da kwanso ba, kuma kuɗin aikin ba ya dawowa. Babu ɗayan kamfanonin da ke da ofishi a Nijeriya. NGC tana da ofishi a Landan, PCGS tana da shi a Paris, kuma sai mutum ya yi rajista da su ko ya bi ta hannun dillalin da suka amince da shi.

A cikin azumi ƙanen ya sami wani mutum a Facebook da ya ce shi wakilin masu tantancewa ne, zai kuma iya samo takardar shaida daga hotuna kawai. An tura masa naira dubu 85 na somin taɓi. Bayan salla ya aiko da hoton takarda mai lamba, da aka bincika lambar a shafin kamfanin da ya ambata sai aka ga ta wata kwandala ce ta daban, daga nan kuma layinsa ya daina shiga. Kamfanonin gaske ba sa ba da maki sai kwandalar tana hannunsu. An kuma tuntuɓi masu aika saƙo zuwa ƙasashen waje, suka ce ƙa'idarsu ba ta yarda su karɓi zinare ko kuɗi a ƙunshi ba.

Mayu zuwa Yuni 2024: tacewa a gida

A nan ne lamarin ya sauya hanya. Wani malamin tarihi mai ritaya, abokin marigayin, wanda ya daɗe yana ajiye tsofaffin kuɗi, ya ba da shawarar a zauna a gaban magada duka a bi kwandalolin ɗaya bayan ɗaya kafin a ƙara kashe ko sisi. Kayan aikin ba su wuce ƙaramin sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba, da ma'aunin faɗi da kauri, da mayen ƙarfe, da madubin ƙara girma, da kundin kuɗaɗen duniya. Tambaya ɗaya ya sa aka yi wa kowace kwandala: idan an biya kuɗin tantancewa, wanda a lokacin yake tsakanin dala ashirin da wani abu zuwa arba'in a kan kowace ɗaya ban da jigila da inshora da la'ada, shin abin da za ta ƙaru da shi zai wuce wannan?

Liyari ne ya fi cin lokaci, domin a kansa ƙanen ya ɗora zato. Shekarar 1780 da ke jikinsa ita ce shekarar da Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wanda aka buga wannan shekara ake sa masa, saboda fatake a Habasha da Yaman da ƙasashen Larabawa da ƙasar Hausa ba sa karɓar wanda ya saɓa da wanda suka saba gani. An buga ɗaruruwan miliyoyi, a Biyana da kuma, daga shekarun 1930, a Roma da Landan da Paris da Bombay da wasu wurare, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina buga shi ba har yanzu. Saboda haka yawancin liyarin da ke ɗakunan iyayenmu mata bugun ƙarni na ashirin ne ko ƙarshen na sha tara. A cikin 31 ɗin nan ma, 19 an huda su ko an liƙa musu marataya domin ado. Biyan dala 30 don a tantance abin da kimarsa ta watan Fabrairu ba ta kai dala 20 ba hasara ce tun kafin a fara, kuma ƙanen da kansa ya yi wannan lissafi a takarda.

Riyal na Saudiyya, wanda aka fara buga irinsa a 1935 da nauyin giram 11.6, shi ma yana da yawa a duniya, kuma alhazai sun kawo shi ko'ina. Dalar Amurka biyun, waɗanda aka ce wani ne ya ba marigayin jingina, mayen ƙarfe ya kama su nan take, alamar jabu ne tunda ba ya kama azurfa, nauyinsu kuma bai kusanci giram 26.7 na ta gaske ba. Sai kwabbai masu huda na 1936 da ke ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekara. Gaskiya ne ba a saki kuɗi mai hotonsa a Ingila ba, amma na Afirka ta Yamma masu sunansa an buga su da yawan gaske, kuma farashinsu ƙanƙane ne.

Zinaren ya buƙaci madubi. A bayan fam ɗin, a ƙasan dokin da ke taka dodo, akwai ƙaramin harafi da ke nuna inda aka buga shi: S na Sidni, M na Melbon, P na Perth, C na Ottawa, SA na Pretoriya, I na Bombay, wanda babu harafi kuma bugun Landan ne. Bakwai daga cikin taran bugu ne na gama-gari, waɗanda farashinsu a ko'ina bai wuce na ƙarfensu da yawa ba. Ɗaya na 1918 ne mai harafin I, shekara ɗaya tak da aka buga fam a Bombay a wancan zamani, kuma bai nuna alamar yawo ba. Na 1917 kuwa babu harafi a jikinsa. Bugun Landan na wannan shekara yana da wuyar samu, domin yawancinsa an fitar da shi biyan bashin yaƙi aka narkar, na gaske kuma yana kai dubban fam masu yawa. Sai dai wannan shekara tana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, musamman a Gabas ta Tsakiya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, inda maƙera suka riƙa buga fam da zinare na gaske don kasuwar da alhazai ke saye. Nauyinsa ya ba da giram 7.95, dutsen gwaji kuma ya riga ya wanke shi, don haka kayan aikin gida ba su iya yanke hukunci ba.

Aka tsayar da uku daga cikin 126: fam na 1917, fam na 1918, da kwandalar Faransa ta 1811 mai hoton Napoleon, wadda ƙanen ya nace a haɗa da ita duk da tana cikin waɗanda aka goge.

Agusta zuwa Oktoba 2024: turawa da sakamako

Wata 'yar ƙanwar marigayin da ke aikin jinya a Ingila ta zo hutu, aka ba ta amanar ukun bayan an ɗauki hotonsu da nauyinsu, magada duka suka sa hannu. Kafin tafiya an nemi bayani daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin ba da izinin fitar da kayan tarihi, an kuma bayyana su ga kwastan. Ta miƙa su ta hannun wani dillali mai rajista, jimillar kuɗin aiki da inshora da ladan dillali ya kama fam 150, sama da naira dubu 300 a canjin lokacin, aka cire daga dukiyar gado da yardar kowa.

Bayan kusan wata biyu sakamako ya fito. Fam na 1918 ya sami maki 62, wato yana cikin rukunin waɗanda ba su yi yawo a hannun jama'a ba. Kwandalar Napoleon ta gaske ce, amma an rubuta a kwansonta cewa gogaggiya ce, ba a ba ta maki na lamba ba. Fam na 1917 ya dawo tsirara da takardar cewa ba bugun gidan kuɗi ba ne. Da dillalin ya sa shi a na'urar auna ƙarfe sai ya nuna zinare kusan karat 21.

Disamba 2024 zuwa Janairu 2025: sayarwa da rabo

An sayar da fam na 1918 a gwanjo a Ingila, bayan cire la'ada ya bar kusan fam 90 sama da farashin ƙarfensa. Tayin da aka yi wa kwandalar Napoleon bai wuce abin da za a biya ba ko da babu kwanso, sai aka dawo da ita gida tare da kwaikwayon 1917. Da aka nuna wa maƙerin farfarun nan ita a cikin kwansonta, cewa ya yi: "Alhaji, azurfa nika saye, ba roba ba. In ba a fasa wanga abu na goga ta ga dutse ba, ba ni tayawa."

Sauran fam bakwai da kwaikwayon an sayar da su a Sakkwato bisa nauyi, hannu da hannu, bayan an gaya wa mai saye gaskiyar na 1917. Malamin da ya yi rabon ya ja kunnen magada cewa kada wani ya musanya kwandalar zinare da sarƙa ko 'yan kunne da suka fi ta nauyi da sunan tana da tarihi, domin zinare da zinare sai daidai wa daida. Matan marigayin suka raba tumuni, sauran aka kasa gida goma sha uku. Iyayen da 'ya'ya mata suka zaɓi a sa musu liyari a kasonsu bisa kimar azurfarsa. Kwabbai da aninai aka bar su a gida, kowanne a ambulan ta takarda, nesa da fata da leda mai laushi, wadda zafin bazarar Sakkwato kan sa ta yi wa ƙarfe koren danƙo.

Hukunci

Idan kuɗi kaɗai za a duba, tantancewar ta jawo hasara: an kashe fam 150 aka sami ƙarin kusan fam 90, ban da naira dubu 85 da macuci ya tafi da su. Da an bi shawarar farko an tura duka 126, da kuɗin aikin kaɗai ya kai dubban daloli, fiye da kimar azurfar baki ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwanson ba ya ƙara wa kwandala komai a jikinta. Amincewa yake sayo mata a wajen mai saye na nesa, wanda ba zai yarda da cinikin biri a sama ba. Wannan amincewa tana da farashi a gwanjon Landan, amma a kasuwar da mai saye ke riƙe da sikeli da dutsen gwaji ba ta da shi, har takan zama cikas.

A ganina tura fam na 1917 daidai ne, kuma shi kaɗai ya zama dole. Tazarar da ke tsakanin na gaske da kwaikwayo ta ninka kuɗin tantancewa sau da yawa, babu kuma mai iya raba gardamar a gida. Da babban ɗan ya karɓe shi da farashin nauyi ba tare da hukuncin wanda ba ya da kaso a gadon ba, da zargin ya cuci 'yan'uwansa ya bi shi har ga 'ya'yansa, ko da kuwa bai ci komai ba. Amsar da ta dawo ba mai daɗi ba ce, amma ita ta sa ƙanen ya sa hannu da zuciya ɗaya, kuma wannan ya cancanci abin da aka biya. Fam na 1918 ya ci riba kaɗan ne don ya sami mai kai shi kyauta. Da jigila aka biya masa shi kaɗai da bai fita ba. Kwandalar Napoleon kuwa bai kamata ta bar gida ba, tunda aibinta ana ganinsa da madubi tun a watan Mayu.

Aikin da ya fi amfani shi ne zaman tacewa, wanda bai ci komai ba sai kuɗin sikeli, kuma da shi aka fara tun a Disamba da azurfar ba ta sha toka ba. Akwai kuma abin da magadan ba su sa a lissafi ba sam, wato lokacin sayarwa. Sun sayar da zinaren sa'ad da oza take wajen dala 2,650, a watan Maris na 2025 kuma ta haura dala 3,000, bambancin da ya kai kusan dala 80 a kan kowane fam, wanda a kan guda takwas ya ninka ribar kwanson sau biyar.